Kyamarar ko-ta-kwana: wacce zan ƙara a kan 6D ɗina?

Abban Hanif, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Shawara nake nema. Ni malamin makaranta ne, Litinin zuwa Juma'a ina aji, hoto kuma sai ƙarshen mako: ɗaurin aure, kamu, dina, suna, wani lokaci hotunan kafin aure ko na yaye ɗalibai. Kayan aikina Canon 6D ce, ta farkon nan, da lensi uku, 24-105 f/4 da 50 f/1.8 da 85 f/1.8, sai filashar Godox biyu da tiriga, wato na'urar da ke kunna filasha daga nesa. Kyamarar lafiyarta ƙalau, amma ita kaɗai ce. Ga Sha'aban na ƙaratowa, kun san yadda biki ke cinkushewa kafin azumi, har na karɓi kafin alƙalami a wurare. Ina so in ƙara bodi na biyu, wato kyamara ba lensi, na hannu. Abin da na tara zai sayi wata 6D ɗin, ko 80D, ko 7D Mark II. In na ɗan ranto a adashe zan iya kaiwa ga 5D Mark III. Wani abokina kuma ya dage wai in daina zuba kuɗi a irin waɗannan kyamarori masu madubi a ciki, in sayi Canon RP, marar madubi. Wacce kuke gani? Allah Ya saka da alheri.

Ɗan Sabon Gari:
Wa alaikumus salam Malam. 5D Mark III, ka rufe ido ka saya. Magana ta ƙare.

Maman Ilham, Kano:
Magana ba ta ƙare ba, ko farawa ba a yi ba. Ka faɗa masa dalili mana, kuɗin adashe fa zai ci.

Ɗan Sabon Gari:
To Hajiya, ga dalili. Katin ajiye hoto biyu take ɗauka, irin CF ɗaya irin SD ɗaya, kuma za ka iya sa ta rubuta kowane hoto a dukkansu lokaci guda. 6D ɗinsa kati ɗaya ce. 80D kati ɗaya. RP kati ɗaya. Ita 6D Mark II ma da ta fito a 2017 ba a ƙara mata rami ba. Mutum yana tsoron ranar da kyamara za ta tsaya, amma ita tsayawar kyamara kana gani a take, za ka iya neman mafita. Lalacewar kati kuwa sai ka koma gida da dare, ka zura a kwamfuta, ta ce maka babu komai a ciki. A lokacin an riga an kai amarya, 'yan rakiya sun watse.

Baba Sitidiyo, Kaduna:
Yaro ya yi gaskiya a nan. Amma Malam Abban Hanif, kafin a kai ga zaɓe, ina da tambaya. Wannan ta biyun, a jaka za ta zauna tana jiran ranar tsautsayi, ko a kafaɗarka za ta kwana? Domin amsar ta bambanta.

Abban Hanif, Zariya:
Baba, gaskiya a raina jaka na tanadar mata. Shi ya sa ma nake ganin ko in sayi mai arha kawai, tun da ba kullum za ta yi aiki ba.

Baba Sitidiyo, Kaduna:
To nan ne zan saɓa maka. Mu da muka fara da fim mai ɗauka 36, biyu muke ratayawa, ba don gayu ba. Fim na iya ƙarewa daidai lokacin da liman ya ce a yi salati, kuma ba wanda zai jira ka ka naɗe ka sauya. Har yau ɗaurin aure bai canja ba. Ka dubi yadda ake yi bayan Juma'a: wakilin ango ya nema, waliyyi ya bayar, a faɗi sadaki, a shaida, a shafa Fatiha. Minti nawa ne duka? Wani lokaci ma aure biyar ake ɗaurawa a jere, naka na uku. Idan kyamararka ta ɗauke a nan, ta biyun kuma tana cikin jaka a bayan sahu, ba lensi a jikinta, batirinta rabon da a yi masa caji tun watan jiya, saitinta na rana ne kai kuma kana cikin masallaci, to kafin ka haɗa ta an tashi ana rabon dabino. Wadda ke jaka ba ta ceton ɗaurin aure, sai dai ta ceci dina. Rataya su duka biyu. Ɗaya da 24-105 don taro, ɗaya da 85 don fuskoki. Ka ga ko ba abin da ya lalace, ta biya kuɗinta, domin ka huta da sauya lensi a tsakiyar mutane.

Ɗan Maraɗi:
Baba, Allah Ya ƙara girma. Wannan batun sauya lensi kada a raina shi. Mu nan daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ba ta barin komai. Ka buɗe bakin kyamara a filin kamu, mata na rawa ƙasa na tashi, gobe ka buɗe hotuna ka ga ɗige-ɗige a sararin sama da kan farar babbar rigar ango. Sai ka kwana kana goge su ɗaya bayan ɗaya.

Nikon Har Abada:
Ni dai ina kallonku ina dariya. D750 tun 2014 take da ramin SD biyu, ful firem, wato babbar sensa (farantin da hoto ke sauka a kai) irin ta 6D, megafiksel 24, allonta na lanƙwasawa. Ku dawo hanya ku huta.

Ɗan Sabon Gari:
Ga shi nan ya iso. Malam, mutum yana da lensin Canon uku ka ce ya sayi Nikon? A ina zai ɗaura su?

Nikon Har Abada:
Wasa nake, Oga. Kyamarar kirki ce amma ba tasa ba ce. Lensin EF, wato irin na Canon da yake da su, ba ya hawa bakin Nikon, batir daban, caja daban, tirigar Godox ɗinsa mai harafin C ce, ta Canon, sai ya sake sayen mai N, ta Nikon. Filashar kam in a kan sanda take za ta amsa wa kowace tiriga ta Godox, amma wadda za a ɗora a kan kyamara dole ta zama ta gidan. Bodin da bai ci kayan da kake da su ba, sabon gida ka buɗe, ba ko-ta-kwana ka saya ba.

Maman Ilham, Kano:
To tun da an gama da na Nikon, bari in faɗi nawa, don na ga duk maza ne ke magana kuma masallaci kawai kuke hange. Ni yawancin aikina a cikin gida ne, wurin da ba a barin namiji ya shiga: sa lalle, kwalliyar amarya, kamu na mata zalla, buɗar kai. Tun hantsi nake tsaye har a kai amarya. 5D Mark III da batir ta kai giram 950. Ka ɗora mata 24-105 da filasha, ka rataya 6D mai giram 750 da ɗoriya a ɗaya kafaɗar, ka yi awa goma. Washegari Litinin Malam zai shiga aji da wuya a sanƙare. RP ba ta kai rabin kilo ba. Kuma ku faɗi gaskiya, kama ido da marar madubi ke yi ba abin wasa ba ne. Amarya ta sunkuyar da kai, mayafi ya rufe rabin fuska, ƙawaye na ta gilmawa, ka buɗe 85 a f/1.8. A 6D mai makin fokas 11, wanda na tsakiya ne kawai abin dogaro, sai ka kama ido sannan ka karkata ka daidaita hoton, kafin nan ta motsa, fokas ya koma kan ɗankunne. A marar madubi akwatin na bin idon da kansa. Kuma abin da ka gani a wurin leƙawa shi ne zai fito, haske ko duhu. Ga fata baƙa ga farin leshi, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Ɗan Sabon Gari:
Hajiya duk na yarda. Amma kati nawa RP ke ci?

Maman Ilham, Kano:
Ɗaya. Na sani.

Ɗan Sabon Gari:
Batir fa?

Maman Ilham, Kano:
Kai dai ba ka da kirki. LP-E17 ne, ƙarami.

Ɗan Sabon Gari:
Yauwa. A ƙiyasin kamfanin kansa hoto 250 yake yi a caji ɗaya, 6D kuwa wajen dubu. Na san a aikace ana wuce haka, amma dai tazarar na nan. Kuma ba wannan ne ya fi damuna ba. Malam yana da LP-E6 da cajarsa. Wannan batirin shi ne a 5D Mark II da III da IV, shi ne a 6D, 7D, 70D, 80D, 90D, har R da R6 suna karɓarsa. In ya sayi RP, batir iri biyu, caja iri biyu, ga adafta da zai saya kafin ko lensi ɗaya ya hau. A garin da wuta ke zuwa in ta ga dama, kana cajin iri biyu daren Juma'a a shagon mai caji ko a janareton maƙwabci. Ranar da na RP suka ƙare a tsakiyar liƙi, na 6D huɗu da ke aljihunka ba su da amfani.

Maman Ilham, Kano:
Na ba ka batir. Kati kuma ba na ba ka duka. Malam shekara nawa yana aiki da kati ɗaya? Akwai dabara: kada ka sa kati mai girma guda ɗaya ka tara masa biki duka. Ka raba, kowane zama da katinsa, kamu daban, ɗaurin aure daban, dina daban. Kuma in kyamara biyu ce a kafaɗa kamar yadda Baba ya ce, ai kowane zama ya riga ya rabu a kati biyu. Ɗaya ya lalace, ba ka tashi a tutar babu ba.

Baba Sitidiyo, Kaduna:
'Yata, ba ki tashi a tutar babu ba, gaskiya ne. Amma ki je ki gaya wa uwar amarya cewa hoton da ta rungume 'yarta tana kuka yana cikin rabin da ya tafi, sauran rabin na masu cin shinkafa yana nan lafiya.

Maman Ilham, Kano:
Baba ka kashe bakina.

Injiniya Mai Gyara:
Salamu alaikum. Ni gyara nake yi, bari in faɗi abin da ke zuwa teburina. Kafin a kawo min kyamara ɗaya da shota, wato labulen da ke buɗewa ya rufe in an ɗauki hoto, ta mutu, an kawo min kati da yawa ana roƙon in ceto hotuna. Kuma akasarinsu ba ƙaddara ba ce kawai, jabun kati ne. An rubuta 64GB a jiki, a ciki bai kai haka ba, kyamara na ta rubutawa tana nuna komai daidai, alhali sababbin hotuna na hawa kan tsofaffi. Duk katin da kuka saya, kafin ya je biki, ku cika shi taf da fayiloli a kwamfuta, ku sake kwafo su ku buɗe. Akwai ƙaramar manhaja kyauta, H2testw, wannan aikin kawai take yi. Sannan a riƙa yin fomat a cikin kyamara, ba a kwamfuta ba, kuma a daina zare kati jar fitilar nan na ƙiftawa.

Game da 5D Mark III, abu biyu Malam ya sani. Ramin SD ɗinta a hankali yake rubutu, ba ya cin gajiyar saurin katunan zamani, don haka in ka sa ta rubuta RAW, wato ɗanyen fayil mai nauyi, a duka biyun kuma kana harbi a jere, za ta riƙa tsayawa tana numfashi. Abin da yawancin masu biki ke yi shi ne RAW a CF, JPEG babba a SD. In CF ya ba da matsala, JPEG ɗin ya isa a wanke albam. Na biyu, ramin CF allurai ne a ciki, sirara. Wanda ya tura kati a karkace ko da ƙarfi sai ɗaya ta lanƙwashe. Haska tocilar waya ka leƙa kafin ka biya.

Abban Hanif, Zariya:
Injiniya na gode ƙwarai. To 7D Mark II fa? Na ga ita ma CF da SD ce, batir ɗaya da tawa, kuma ta fi 5D sauƙin kuɗi. Ba wanda ya taɓo ta.

Injiniya Mai Gyara:
Ƙarfe ce, ba ƙarya. Ta 2014, maki 65, hoto goma a daƙiƙa, shotarta an ƙiyasta mata harbi 200,000. Da hawan sallah kake ɗauka ko ƙwallo, da na ce ka ɗauke ta yau. Amma sensarta ƙarama ce, duk lensin da ka ɗora sai ka ninka da 1.6. Wato 24 ɗinka ya zama kusan 38, 50 ya zama 80, 85 ya zama 136.

Maman Ilham, Kano:
Nan ne matsalar. Malam ka tuna ɗakin amarya: gado ya ci rabi, sif ya ci kwata, ƙawaye goma sha biyu cikin anko suna so su fito duka har da takalmi. Da 24 ma bayanka na jingine da bango. Da 38 sai dai ka fita tsakar gida ka ɗauko su ta taga. In 6D ɗin ce ta tsaya, ba ka da faɗi ko kaɗan, sai ka sake sayen wani lensin. Arhar ta tafi.

Ɗan Maraɗi:
Ga kuma duhu. Wuraren dina da fitilu shuɗi da ja, ko kamu a ƙofar gida da ƙwan fitila biyu. In ka ɗaga ISO, wato saitin ƙara haske a duhu, ya kai 3200 zuwa 6400, 6D tana fitar da hoto mai tsabta, ƙaramar sensa kuwa sai fuska ta yi yashi-yashi. In ka jera su a albam ɗaya, ko wanda bai san hoto ba zai ce wannan shafin ya fi wancan.

Auta Mai Bidiyo:
Ni ban yarda a yar da 80D haka ba. Allonta na juyawa, ana taɓawa, kuma fokas ɗinta a bidiyo yana bin mutum sumul, abin da 6D da 5D Mark III ba sa yi. Yanzu wace amarya ce ba ta tambayar ɗan gajeren bidiyo na sawa a Instagram? Malam zai ƙara kuɗin aiki da shi.

Baba Sitidiyo, Kaduna:
Auta, mutum ɗaya hannu biyu. Yana bidiyon shigowar amarya, wa ke ɗaukar hoton? Wannan wata sana'ar ce, ya bar muku.

Auta Mai Bidiyo:
Baba ai mun gode da ka bar mana abincinmu.

Ɗan Sabon Gari:
Wani abin da ba a faɗa ba. In ka sayi 5D Mark III, ba ita ce ko-ta-kwana ba, 6D ɗinka ce za ta koma ta biyu. Ita sabuwar ce za ta riƙe 24-105 da duk abin da ba a maimaitawa, tun da ita ke da kati biyu da maki 61 da ɗan sandan nan na matsar da fokas da babban yatsa. 6D ta riƙe 85. A nan ma ta fi dacewa, don makinta na tsakiya ya fi na 5D gani a duhu, wannan kam a rubuce yake. Kuma shekararsu ɗaya, 2012, kalarsu kusan ɗaya, in ka zo gyara a manhajar Lightroom saiti ɗaya zai hau duka ba tare da fatar amarya ta yi ja a nan ta yi kore a can ba.

Shugaban Zaure:
Ina bin ku tun ɗazu. Bari in tsaya wa wadda ba ta da lauya, wato ya ƙara wata 6D ɗin. Hannu yana da hadda. Maɓallan 6D da na 5D ba wuri ɗaya suke ba: na duba hoto, na zuƙowa, jerin na saman nan, duk sun ɗan bambanta. Wanda ke aiki kullum zai saba cikin mako. Malam Asabar da Lahadi kawai yake riƙe kyamara. A cikin duhu, MC na ihu, 'yan liƙi sun rufe amarya, yatsa zai je inda ya saba ya tarar da wani abu. Iri ɗaya guda biyu ba ka tunani, ɗauka kawai kake. Ga arha, ba rance, ba sayen CF da abin karanta shi. Ragowar kuɗin ya sayi katuna na gaske da batura.

Ɗan Sabon Gari:
Shugaba, da girmanka, amma ka bar shi da kati ɗaya a kowace kafaɗa, da fokas ɗin da Hajiya ta gama kuka da shi.

Shugaban Zaure:
Na bar shi ba bashi a wuya. Shi ma abin dubawa ne ga mai albashin koyarwa.

Abban Hanif, Zariya:
Shugaba ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. To haya fa? Akwai wanda ke ba da hayar bodi a nan, na taɓa tunanin in riƙa karɓa duk ranar da aiki ya faɗo, in bar kuɗina.

Maman Ilham, Kano:
Ranar da kake da biki ita ce ranar da kowa ke da biki. Asabar ɗin ƙarshe kafin azumi ka je neman haya ka gani. In ma ka samu, ba ka san wanda ya riƙe ta jiya ba, ba ka san abin da ya murɗa a ciki ba. Haya ta yi ga lensin da kake buƙata sau ɗaya a shekara, ko ka gwada bodi kafin ka saya.

Sabon Shiga:
Don Allah a yi min afuwa, ni ɗalibi ne a nan. Amma na ji an ce Canon ta daina masu madubi. Ba asara ba ce mutum ya sayi kyamarar 2012 yanzu?

Injiniya Mai Gyara:
Tambaya mai kyau, ƙanina. A ƙarshen 2021 shugaban kamfanin ya ce 1D X Mark III ce ta ƙarshe a jerin manyan masu madubi, kuma sababbin lensinsu duk na bakin RF ne, wato na marasa madubi. Amma wannan ne ma ya sa na hannu suka yawaita, masu hali a waje na sauya sheƙa suna sakin tsofaffin. Da ba don yadda dala ta tashi tun da aka saki naira a 2023 ba, da yanzu sun zama na kowa. Lensin EF kuma ba su mutu ba, da adafta suna aiki lafiya lau a kan marasa madubi na jerin R. In da kuɗi, amsar da za ta raba gardamar Hajiya da Ɗan Sabon Gari ita ce R6 ta 2020: SD biyu, tana karɓar batirin da yake da shi, tana kama ido, tana rage rawar hannu, kuma in ka kashe ta labulen shota na sauka ya rufe sensa, abin da Ɗan Maraɗi zai so saboda ƙura. RP ba ta yin wannan. Abu ɗaya da masu komawa marar madubi ke mamaki: jan hasken nan mai zane da filasha ke jefawa don taimakon fokas a duhu, ba ya aiki a kansu.

Abban Hanif, Zariya:
Injiniya R6 kam na tambaya, na ji kuɗin, na yi salati na kashe waya.

Ɗan Maraɗi:
Haha. Mu da ke canjin sefa ma sai da muka yi tsaki. Ni abin da zan ƙara, ka sayi wadda masu gyara suka sani. Mu nan in ta lalace Kano muke aikawa. Irin su 5D da 6D sun cika gari, ko sabon kaya bai samu ba ana cirowa daga wata matacciya. Amma CF ka tanada tun da wuri, ba kowane shago ke ajiye shi ba yanzu, SD kuwa ko mai sayar da caja a tasha yana da shi, sai dai Allah Ya raba ka da irin wanda Injiniya ya faɗa.

Abban Hanif, Zariya:
To na karkata ga 5D Mark III. Injiniya, in na je gani me zan duba? Wasu a Legas suke, sai dai a aiko.

Injiniya Mai Gyara:
In da hali kada ka biya abin da hannunka bai taɓa ba. In dole sai Legas, samu wani naka ya je Ikeja ya duba maka, ko a yi sharaɗin mayarwa a rubuce. Tafi da lensinka da katinka da filasharka da laftof.

Farko adadin shota. An ƙiyasta wa 5D Mark III 150,000, 6D kuma 100,000. Ba wai tana kaiwa nan take mutuwa ba, wasu na wucewa nesa, wasu ba sa kaiwa, amma da shi ake ciniki. Kada mai kaya ya nuna maka lambar hoto ya ce ga shi dubu uku kacal ta yi. Wannan lambar tana kaiwa 9999 take komawa farko, kuma ana iya mayar da ita da hannu. Nikon na rubuta adadin a cikin fayil ɗin hoto, waɗannan na Canon kuwa sai an jona da kebul an karanta da manhaja. Sannan ka dubi jikinta. In an ce ta yi kaɗan amma robar riƙo ta saɓule, fentin gindi ya goge, rubutun maɓallai ya shuɗe, to ko an sauya shota ko ta sha aikin bidiyo, wanda ba ya ƙirguwa a nan.

Sai ka rufe lensi zuwa f/22 ka ɗauki farin bango ko sama, ka zuƙo a laftof. Ƙura ana gogewa, ƙarzuwa ba a gogewa. Ka sa murfin lensi ka ɗauki na daƙiƙa kaɗan a duhu, ka ga ko akwai ɗigo ja ko shuɗi da ba ya gusawa. Ka harba a saurin shota 1/8000 a rana, in wani gefe ya yi duhu ko ka ga layin haske, shota ta fara gajiya. Ka ɗora filasha ka girgiza a hankali, kujerarta kada ta yi lako-lako. Ka gwada ramukan kati ɗaya-ɗaya sannan tare. Kayan da ya daɗe a bakin teku kuma ka leƙa madubin leƙawa da bakin sensa, danshi na sa musu fumfuna kamar saƙar gizo. In ta nuna saƙon matsala Err 20 ko Err 30 ko sau ɗaya ne a gabanka, ajiye masa kayarsa ka yi sallama.

Baba Sitidiyo, Kaduna:
In ta zo, ranar farko ka daidaita agogonsu su zama ɗaya har daƙiƙa. In ba haka ba, ka zuba hotunan biyu a kwamfuta ka ga an yanka kek kafin amarya ta shigo. Kuma 5D na bari ka sauya haruffan farkon sunan fayil, ka sauya, kada sunan hoton wannan ya hau kan na waccan.

Maman Ilham, Kano:
Kuma ka sayi maratayi mai kafaɗa biyu, ka bar igiyar wuyan nan. Za ka tuna da ni ranar Litinin.

Abban Hanif, Zariya:
Salamu alaikum, na dawo da labari. Na ga guda biyu. Ta farko tsaf-tsaf kamar ba a taɓa ba, mai ita ya rantse ba ta yi aiki ba, muka jona laftof ta nuna ta haura ƙiyasin da Injiniya ya faɗa. Ya ce shi ma haka aka sayar masa, na ce Allah Ya kawo kasuwa. Ta biyun ta ɗan goge a gindi, murfin batir na da tsaga, amma shota ba ta kai rabi ba, alluran CF a miƙe, sensa ƙura kawai. Ita na ɗauka, an rage min saboda murfin. Shugaba, rancen bai kai yadda na ji tsoro ba, biki biyu zai biya shi in Allah Ya yarda. Kuma gaskiyarka game da maɓallai, jiya da dare ina ta neman na zuƙo hoto a dama ashe yana hagu. Kullum bayan isha'i zan riƙa kashe fitila ina lalube har hannu ya saba.

Shugaban Zaure:
Allah Ya sa albarka, Ya sa a mora. Kai ta wani ƙaramin aiki tukuna, suna ko walimar sauka, kafin babban biki.

Abban Hanif, Zariya:
Amin. Akwai suna ranar Lahadi, can za ta fara. Saura abin karanta CF, na zagaya shaguna jiya ban samu ba. Wa ya san inda zan samu na kirki a Zariya ko Kaduna?

Baba Sitidiyo, Kaduna:
Ina da biyu a durowa. In ka shigo Kaduna ka biyo ta shago ka ɗauki ɗaya, ka taho da ita in ga sensar da idona.